Kaza Marar Ƙashi a Gidan Tsoho

A gidan Tsoho mai tsire, can unguwar Rusaifa a Makka, kowace Juma'a sai an yanka kaza. Ba wai don wadata ba. Gidan ɗaki uku ne da zaure, katangar duwatsu, rufin langa-langa. Al'ada ce kawai da ya taso da ita a Kano, ya ɗauko ta a ƙafa, ya ratsa Barno da Sudan da ita, shekara shida a hanya, bai yar ba har ya iso Makka.

Idan maza suka dawo daga Harami, matarsa Mairama ce ke zama gaban tukunya ta yi rabo. Cinya ɗaya ta ƙaninsa Ja'afaru, ɗaya ta ɗansu Mukhtaru. Ƙirji a yanka wa mata. Wuya da fukafukai da ƙafafu na yara. Ƙundu kuwa na maigida ne shi kaɗai, ana ɗora shi a gefen farantin da ke fuskantarsa, inda kowa zai gani. Shekara talatin da huɗu tana wannan rabo, ba ta taɓa ɗauka aiki ne mai wuya ba.

Sai Tsoho ya kwanta zazzaɓi a watan Safar. Kwana tara yana kwance, rana ta goma aka kai shi maƙabartar Mu'alla. Allah ya jiƙansa. Wannan kamar shekara biyu ke nan kafin a fara rushe gidajen gefen Harami don faɗaɗa shi.

Mairama ta shiga takaba, ta ce ba za a ƙara yanka kaza a gidan ba sai ta fita. Ba wanda ya yi musu. Kowa ya ɗauka baƙin ciki ne, kuma baƙin cikin ne. Amma daga ƙofar ɗakinta tana ganin tsakar gida, tana kuma ganin abin da ke faruwa.

Ja'afaru, wanda tare suka taka hanya da marigayi kuma tare suke tsayawa a tukubar tsire a unguwar Jarwal, ya fara zama a kan buzun yayansa. Da farko gefe-gefe, daga baya tsakiya. Mukhtaru kuma, haifaffen Makka, direban babbar mota tsakanin Makka da Jidda, ya cire makullin ƙofar gida daga ƙusar da yake rataye, ya haɗa shi da makullin motarsa. Suna gaisawa kamar kullum. Gaisuwar ce ma ta ƙara tsawo.

Ana saura mako biyu ta fita, Ja'afaru ya zo ya tsuguna bakin ƙofarta da hantsi.

"Yaya, ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Ba wani abu ba ne. Na ce in tuna miki, yaron nan ni na ɗauke shi a kafaɗa na kai shi Harami yana ɗan wata bakwai. Kafin mu kai ƙofa ya jiƙe mini riga."

"Na tuna. Ni na wanke rigar."

"To. Ranar da aka sa mini cinya aka sa masa wancan abin, ni ba zan ce komai ba. Ina da mutane a Madani, can Sudan, har gobe suna tambayata."

"Wa ke tambayarka a Madani, in ba sauro ba?"

Ya yi dariya, domin tsakanin ƙanin miji da matar wa akwai wasa, kuma sun daɗe ba su yi ba. Amma da ya miƙe bai janye maganar ba.

Kwana uku bayan haka Mukhtaru ya shigo da ƙanshin man mota, ya zauna kusa da ita. Hausarsa duk a cakuɗe take da Larabci.

"Ya ummi, ni ba na son dogon kalam. Ammi Ja'afaru babba ne, ina girmama shi. Amma gidan nan na ubana ne. In ba haka ake gani ba, akwai ɗaki a Jidda kusa da gareji. Ramlatu ma ta ce ta fi son iskar teku."

Mairama ba ta kama sunansa, ɗan fari ne. Ta ce, "Direba, tashi ka wanke hannu, ka ɓata mini tabarma."

Ya tashi. 'Yarsa Asiya, mai shekara uku, wadda tun da aka yaye ta a bayan Mairama take kwana, ta bi shi da ido tana tsotsar gefen zanen kakarta.

Lissafin a fili yake. In ta ba Ja'afaru ƙundu, ɗanta zai kwashe matarsa Ramlatu da yarinyar ya tafi Jidda. In ta ba ɗanta, Ja'afaru zai kwashe matarsa Rabi da 'ya'yansa huɗu ya haye teku, tukuba ta mutu, kuma ba sauran wanda za ta ce wa "ka tuna" game da hanya ya amsa. Ita kuwa abu ɗaya take so: kada a sake fita da kowa ta ƙofar nan. An fita da ɗaya a makara, ya isa.

Ta fita takaba ranar Laraba. Ta yi wanka, ta sa sabon zane, mata suka zo suka yi mata barka. Rabi ta ce, "To jibi sai kaza, Yaya. Yara har mafarkinta suke." Mairama ta ce ta ji. Da la'asar ta ɗauki ƙwaryar gyaɗa ta ce za ta zaga wurin masu saye, kada su ɗauka ita ma ta mutu.

Sana'arta ke nan, ɓare gyaɗa ta kai wa masu shaguna. Cikin masu sayenta akwai wani mutumin ƙasar Sin a unguwar Utaibiyya, Yunus Sini ake ce masa. Musulmi ne, ɗan gajere, gemunsa bai fi gashi goma ba. Ya ce garinsu Kanton. Ya zo aikin hajji a shekarar da mulki ya juye a ƙasarsu, hanyar komawa ta rufe, sai ya kama wani ɗan shago a lungu, tebur biyu da murhu uku, yana girki. Larabcinsa a karye yake, nata ma haka, shi ya sa suke fahimtar juna sosai.

Ya yi mata ta'aziyya, hannu a ƙirji. Ya ce Tsoho mutumin kirki ne, sai dai yajinsa ya yi yawa. Ta ce marigayin ma haka yake cewa abincin Sini ba ya jin komai. Sannan ya koma kan aikin da ta tarar yana yi, ita kuma ta tsaya jiran ƙwaryarta, sai idonta ya faɗa kan hannunsa.

Kaza ce figaggiya a kan katako. Da wata 'yar wuƙa yake shiga ta wuyanta, yana juya fatar a hankali kamar mai tuɓe wa jariri riga. Ƙashin ƙirji ya fito. Na baya ya fito. Na cinya ya fito ɗaya bayan ɗaya, fata ko ƙwarzane babu. Ya tara tsokar ya daddatsa, ya jawo hanta da zuciya ya daddatsa, ya jawo ƙundu ya sa masa wuƙa har sai da ya koma kamar tsakin gero. Ya haɗa duka da wata shinkafa mai danƙo da yake samu wurin alhazan Jawa, da citta, da albasa, da gyaɗarta, da wani baƙin ruwa mai gishiri. Ya ɗura a cikin fatar, ya ɗinke wuya da zare. Kaza ta koma kaza, har ta fi da ƙiba.

Mairama ta ce, "Ina ƙundun?"

Ya nuna cikin kazar. "Duka a ciki."

"Ba a ganinsa?"

"Ba a gani. Ana ci kawai."

"Cinya fa?"

"Babu cinya, babu ƙirji. Ko'ina ɗaya."

Ta ajiye ƙwarya ta zauna a kan benci. Ta tambaye shi wa ke yanka, ya ce shi da kansa, ya fuskanci alƙibla ya gwada mata. Ta tambaye shi su wa ke saya, ya ce attajirai masu gidan bene, da masu saukar alhazai idan sun yi manyan baƙi. Sai an faɗa da kwana biyu, don sai ta turaru, ta sha iska, sannan a yi ta kwarara mata tafasasshen mai har fatar ta yi ja.

"In na faɗa yau?"

"Jumu'a da hantsi."

"To na faɗa."

Da Rabi ta ji, ta riƙe haɓa. "Abincin shago ranar Juma'a, Yaya? Da hannunmu da ƙafarmu? Me maƙwabta za su ce?"

"Su ce hannuna ya manta. Wata huɗu ba kwana huɗu ba ne."

Ranar Juma'a ta je da kanta ta ɗauko a tire, ta rufe da faifai, ta ɗora a ka tun daga Utaibiyya har Rusaifa. Da maza suka dawo masallaci ba ta yi rabo a madafa ba kamar yadda ta saba. Ta kai kazar ɗungurungum zaure, ta ajiye a tsakaninsu, ta durƙusa da wuƙa, don kada wani ya ce an ɓoye wani abu.

Ja'afaru ya leƙa. "Wannan kaza ta sha hutu. Da gani ba ta taɓa taka ƙasa ba."

Mukhtaru ya matso. Idonsa na kan wuƙar.

Ta yanka daga wuya zuwa wutsiya. Wuƙa ta wuce kamar cikin dafaffiyar kabewa. Ta yanka a kwance, gunduwa-gunduwa, kowace da jar fata a waje da shinkafa a ciki, ba wadda ta fi wata. Ta tura biyu gaban wannan, biyu gaban wancan, ta kwashe saura don mata da yara.

Ja'afaru ya sa yatsa ya tona tasa. Ya juya ta. Ya tona ta biyun.

"Yaya, ina ƙashinta?"

"Sini ya cire."

"Da ranta?"

"Bayan yanka, kai ma dai."

"Wa ya yanka?"

"Musulmi. Ya fi ka sanin alƙibla."

"To ina..." Ya dubi rufi. "Kayan cikin fa?"

"Suna ciki. An daddatsa. Duk wanda ya ci ya ci."

Mukhtaru ya dubi baffansa, baffan ya dubi gunduwar. Mukhtaru dai yana son a san shi mutumin zamani ne da ya ga Jidda, don haka ya gutsura ya kai baki, ya ce, "Wallahi aiki nadif, tsaf-tsaf. Irin wannan ake ci a gidajen manya." Ja'afaru kuwa ba zai bari a ce yaro ya ci abin da shi ya ji tsoro ba. Ya yi bisimilla ya ci. Aka ci aka wanke hannu, ba wanda ya ambaci Madani, ba wanda ya ambaci Jidda.

A cikin gida Rabi ta matso tana dariya ƙasa-ƙasa. "Ashe yau mun ci ƙundu, har da Asiya. Ni dai ban ji wani abu ba. Shi ke nan abin da suke ta kumburi a kai?"

Mairama ta ce ita ma ba ta ji ba. Ba ta faɗa mata cewa ta san ɗanɗanonsa tuntuni ba. Tsoho yakan ɗauka a gaban kowa, ya gutsuri rabi, ya tura rabin ƙarƙashin ƙashin cinya a gefen faranti, ita kuma ta same shi wurin wanke-wanke ta ci a tsaye. Ko sau ɗaya ba su taɓa yin maganar ba. Ta tashi ta shiga ɗaki ta daɗe tana gyara shimfiɗar da ba ta ɓaci ba.

Haka aka yi Juma'a bakwai. Kowace Laraba ta je ta faɗa, kowace Juma'a ta je ta ɗauko. Zafi ya fara, duwatsu suna huci tun hantsi, tiren na ƙona mata ka ta cikin gammo. Kazar kuwa ba ta taɓa yi mata daɗi ba. Shinkafar na manne mata a dasashi, ga wani zaƙi-zaƙi da bai kamata a ji a nama ba, ba romo, ba abin tauna. Yara suna ƙorafin ba ƙafa, kyanwar gidan ta daina zuwa zaure. Amma ana zama a ci tare, buzun na nan, makullin na nan, kowa na kwana a ɗakinsa. In za ta ci shinkafa mai danƙo har ƙarshen ranta a kan haka, ta yarda.

Juma'a ta takwas, cikin Sha'aban, ta tarar da Yunus Sini a ƙofar shago yana jiranta, fuskarsa cike da murna. Ya ɗora mata kazar a tire, sannan ya ɗauko wani ɗan ƙunshi na takarda ya riƙe da hannu biyu.

"Hajja, ki yafe mini. Ban sani ba."

"Me ba ka sani ba?"

"Mutanenku suna son wannan sosai. Mako bakwai ina daddatsawa, ba wanda ya faɗa mini." Ya buɗe takardar. "Litinin dattijon gidanku ya zo, mai ƙanshin hayaƙi. Ya ce, ware mini ƙundu a gefe, kada ka faɗa wa Hajja. Laraba saurayin ya zo da mota, ya toshe mini lungu. Ya ce, ware mini ƙundu a gefe, kada ka faɗa wa ummi."

"Ga shi kuwa ba ka faɗa ba."

"To wa zai kai musu? Ke ce mai ɗauka." Ya yi dariya. "Amma kaza ɗaya ƙundu ɗaya. Na yi tunani, na yi tunani. Sai na ɗauko na kazar wani attajiri. Shi ba zai sani ba, tasa duka a ciki take. Kyauta ce, Hajja."

Guda biyu ne, soyayyu, ya tsattsaga su da wuƙa har sun buɗe kamar fure. Girmansu ɗaya. Da gani ya zauna ya zaɓa.

Ta yi godiya, don ba a ƙin yi wa mai kyauta godiya. Ta ɗora tire ta kama hanya, ƙunshin a hannunta.

A inuwar wani masallaci ta tsaya ta huta. Ga kyanwoyi biyu a gindin bango, ta dube su, suka dube ta. Ta yi tunanin jefa musu. Ta yi tunanin juya baya ta cinye abinta ƙarƙashin mayafi. Amma kowannensu yana can yana jira, in bai gani ba gobe zai koma wurin Sini, Sini kuma zai ce ya ba Hajja hannu da hannu. Ta sake buɗe takardar ta ƙirga abin da ba ya buƙatar ƙirga. Maza biyu, ƙundu biyu. Sai ta ji wani sanyi a ƙirjinta. Wata shida tana juyi a kan abu ɗaya da ba ya rabuwa, ga shi baƙo daga ƙarshen duniya ya mayar da shi biyu ba tare da ya san ana rigima ba. Wannan ya samu, wancan ya samu, ba wanda aka ƙasƙantar. Ta ce a ranta, me ya hana ni wannan dabara tuntuni? Ta ƙarasa gida da saurin da ta daɗe ba ta yi ba.

Ta ma yi tunanin hannu. In ta miƙa musu a zaure, dole ɗaya ya samu daga dama ɗaya daga hagu, ko ɗaya ya riga ɗaya. Don haka tun a madafa ta jera komai a faranti, ƙundu a wannan gefe, ƙundu a wancan, ta ɗauka da hannu biyu.

Ranar dukansu da wuri suka dawo. Ja'afaru ya sa babbar rigarsa ta Sallah. Mukhtaru ya yi aski, har da turare. Ta ajiye farantin sau ɗaya, ta ja baya ta durƙusa.

Kowa ya fara duban gabansa, ya ga nasa, ya gyara zama. Sannan kowa ya ɗaga ido ya ga na ɗan'uwansa.

Daga cikin gida ana jin Rabi tana tsawata wa yara.

Ja'afaru ne ya fara. Kafaɗunsa suka soma rawa, dariya ta ƙwace masa har da tari.

"Kai ma ka je?"

Mukhtaru ya sunkuyar da kai yana murmushi. "Laraba."

"Ni Litinin. Na riga ka."

"Ammi, kullum kana riga ni."

"Ja'iri. Da wace Hausar ka yi masa bayani?"

"Da hannu na nuna masa, a cikina."

Suka yi ta dariya, irin wadda ba a yi a zauren ba tun kafin Safar. Kowa ya ɗauki nasa ya ci a hankali. Ja'afaru ya ce Sini ya iya suya, a ba shi haƙƙinsa, saura yaji. Mukhtaru ya zuba wa baffansa ruwa da kansa. Mairama tana kallonsu, idonta ya cika, ta yi hamdala a zuci.

Da suka wanke hannu Ja'afaru ya gyara murya, ya juyo wurinta, ba alamar wasa.

"Yaya, Allah ya saka miki da alheri. Mun ji maganarki."

"Wace magana?"

"Mu muna ta kunyar juna, ke kin faɗa ba tare da kin buɗe baki ba. Yaron nan ya isa maigida, kin nuna. Ni ma ba ki rage ni da komai ba. To maigida kuma sai da gidansa. Bai kamata a ce mutum kamar Mukhtaru, da matarsa da 'yarsa da motarsa, yana raɓe a ɗaki ɗaya bayan madafa ba."

Mukhtaru ya gyaɗa kai. "Sahih. Na daɗe da abin a raina, ina jin nauyin a ce na gudu na bar ummi cikin takaba. Amma tunda daga gare ta izinin ya fito, halas. Ammi ya riƙe nan da tukuba, ni in riƙe Jidda."

"Ni ban ce komai ba," in ji Mairama.

"Ai shi ne iyawar," in ji Ja'afaru.

"Sini ne ya ba ni guda biyu. Ni ban..."

"Sini girki ya sani. Rabo naki ne, Yaya. Shekara nawa muna ci a hannunki? Yaushe wani abu ya taɓa sauka a faranti ba da saninki ba?"

Gaskiya ya faɗa. Shekara talatin da huɗu ko fiffike ba ta taɓa ajiyewa a gefen da ba ta nufa ba, kuma ita ta koya musu karanta faranti.

Suka shiga shawara a gabanta, cikin daɗin rai. Ja'afaru ya ce a yi kafin azumi, don kada a yi ƙaura da ƙishirwa. Mukhtaru ya ciro makullin gida daga cikin na mota ya miƙa da hannu biyu. Ja'afaru ya ce a'a, ya bari a yanko masa wani, gidan ubansa ne, duk sa'ar da ya zo ya buɗe. Suka yi ta ja-in-ja a kan wa zai fi wani kara. Sannan suka tuna da ita. Mukhtaru ya ce ta biyo shi, akwai wuri. Ja'afaru ya ce ɗakinta ɗakinta ne har abada. Ta ce ba za ta bar Makka ba, mutuminta yana Mu'alla. Dukansu suka ce haka ne, sun san za ta faɗi haka.

"Yarinyar fa?" ta ce. "A bar mini ita."

Mukhtaru ya sosa ƙeya. "Ramlatu ba ta san kowa ba a can, ya ummi. Ita ce za ta ɗebe mata kewa. Bayan Sallah mu gani."

Labari ya zaga unguwa kafin magariba. Kwana biyu mata suna shigowa yi mata barka. Wata ta ce a gidansu da aka zo irin wannan sai da aka kai ga alƙali. Wata ta ce ta faɗa mata lungun da Sinin yake, ita ma tana da maza biyu da suka ƙi rabuwa. Mairama ta kwatanta mata, ta ce sai an faɗa da kwana biyu.

Ranar Talata da safe motar ta tsaya a ƙofar gida. Aka fito da gado, da akwatin Ramlatu, da tukwane, da keken ɗinki. Asiya tana ta murna za ta shiga gaban mota, tun asuba ta sa takalmi. Ta zo ta ce wa kakarta za ta kawo mata teku a kwano. Mairama ta ce ta kawo, amma kada ta zubar a hanya.

Ja'afaru ya tuɓe riga ya hau saman kaya yana ɗauri, yana yi wa Mukhtaru tsiya cewa direba ne amma bai iya ƙulli ba, su da suka ɗaure kaya a kan raƙumi. Mukhtaru yana can ɗaya gefen yana ja yana ramawa. Igiyar ta kasa, tana zamewa ta baya, ba mai riƙewa. Ja'afaru ya duba ƙasa ya ga Mairama tsaye a bakin ƙofa hannunta ba komai, ya wurgo mata bakin igiyar.

"Yaya, ɗan riƙe mana nan. Ja sosai, kada kayan su zube."

Ta kama, ta naɗe a hannu, ta ja sosai.